Fom ɗin saituna a garin da sabis ke wasan ɓuya: a adana nan take ko a jira maɓalli?

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Kazaure ya zo hutu, ya same ni a Kura, a shagon da nake zama kusa da injinan casar shinkafa. Ko ruwa bai gama sha ba ya buɗe kwamfutarsa. Yana rubuta wa ƙungiyar masu injin ƙauyensu manhajar intanet da za su riƙa lissafin buhunan shanshera da aka kawo aka casa, kuma aiki yana tafiya lafiya har ya iso shafin saituna, nan ya cije.

“Kawu,” in ji shi, “in mutum ya canja kuɗin casa, in tura wa uwar garke, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, nan take, ko in bari sai ya danna Adana? Kuma kafin ya danna ɗin, a ina zan riƙe abin da ya rubuta?”

Na ce masa ya ja benci, don amsar ba ta tsaye ba ce. Abin da muka tattauna ranar, da abin da ya biyo baya, shi zan shimfiɗa a nan saboda masu rubuta manhaja irinsa da suke yi wa mutanenmu aiki, ba mutanen da ke zaune kan intanet mai gudu kamar ruwan famfo ba.

Shafin nasa gurabe tara ne. Akwai kuɗin casar buhu ɗaya, da yawan kwanon da ake lissafawa a buhu, da la'adar dillali, da rangwamen da ake yi wa 'yan ƙungiya, da iyakar bashin da za a iya bin mutum kafin manhaja ta ƙi karɓar aikinsa, da lambar wayar da ake tura wa jimillar yini. Sauran ƙananan abubuwa ne: harshe, Hausa ko Turanci, girman rubutu, ƙarar sanarwa. Kallo ɗaya za ka ce aikin rabin awa ne. Amma fom ɗin saituna ba irin fom ɗin rajista ba ne da ake buɗe shi wayam, a cike, a aika, a manta. Shi a cike ake samunsa, mutum ya taɓa abu ɗaya ko biyu, sannan duk sauran shafukan manhajar su dogara da abin da ke cikinsa. Rasit ɗin da za a buga wa manomin da ya kawo buhu ashirin daga Kadawa daga nan yake ɗaukar farashi.

Saboda haka a kowane lokaci kuɗin casa yana zaune a wuri uku. Na farko yana kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai, kuma shi ne gaskiya. Na biyu kwafin da manhaja ta sauko da shi cikin waya, wanda take zaton har yanzu shi ne gaskiya. Na uku abin da yatsan mutum yake bugawa yanzu, wanda bai zama komai ba tukuna. Na kwatanta masa da abin da ya sani: littafin akawu da ke cikin durowa, da takardar farashi da aka manna a ƙofar injin, da allon da ake lissafi da alli a goge. Kusan duk wata matsala da na taɓa gani a shafin saituna daga cakuɗa waɗannan ukun take tasowa. Zaɓin da ke gabansa kuwa shi ne: yaushe abin da ke kan allo zai shiga littafi, kuma wa zai ce ya shiga?

Adanawa nan take

Wannan ita ta fi jan hankalinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Haka saitunan wayar Android suke: ka kunna makunni, shi ke nan, babu wani Adana. Alhajin da ke shugabantar ƙungiyar ya saba da haka. Ba za a taɓa cewa wani ya gyara abu ya manta bai danna ba, kuma shafin yana fitowa tsaf. Ga abubuwa irin harshe da girman rubutu, ban san hanyar da ta fi ta ba. Mutum ya zaɓi Hausa, rubutu ya juye a gaban idonsa, in bai so ba ya mayar. Ko saƙon bai kai uwar garke ba, babu wanda ya yi asarar ko sisi.

Kai ta kan kuɗi ka ga yadda take juyewa. A ce akawu zai rubuta 2500. Yatsansa zai buga 2, sannan 25, sannan 250, sannan 2500. In kowane bugu ana aikawa, saƙo huɗu ke nan, kuma uku daga ciki ƙarya ne. A Kano cikin gari duk huɗun za su isa kafin ya ɗaga kai. A bayan injin, inda sabis ke hawa sanda ɗaya yana sauka, na uku zai iya isa na huɗu ya maƙale, sai a wayi gari ana casar buhu naira 250 a lissafin manhaja. Akwai ma wadda ta fi wannan ban haushi: saƙonni ba dole ne su isa bi da bi ba. Na huɗu zai iya riga na uku, sai 250 ta zo daga baya ta hau kan 2500 ta zauna, alhali fuskar wayar tana nuna 2500 lafiya lau.

Yaron ya ce ai akwai magani, kuma gaskiyarsa. Ana jinkirta aikawa har sai mutum ya dakata da bugu kamar rabin daƙiƙa, ko a jira sai ya fita daga gurbin. Ana soke tsohon saƙo da AbortController in sabo ya taso. Ana sa wa saƙonni lamba don uwar garke ta yi watsi da wanda ya zo a makare. Duk suna rage ciwon. Sai dai dattijon da ke buga lamba da yatsa ɗaya yana neman inda 5 take zai dakata fiye da rabin daƙiƙa tsakanin kowane bugu, kuma soke saƙo daga ɓangaren waya ba ya nufin uwar garke ba ta riga ta karɓa ta yi aiki da shi ba. Ka ga tun ba a je ko'ina ba, hanyar da aka zaɓa don sauƙi ta tara faci uku.

Inda ta fi gazawa shi ne gurabe masu riƙe da juna. In ƙungiya ta yanke shawarar ƙara kuɗin casa ta kuma ƙara rangwamen 'yan ƙungiya don kada ƙarin ya shafe su, canjin guda ne a bakin waɗanda suka yanke shi, amma gurbi biyu ne a fom. Adanawa nan take za ta shigar da na farko ta bar na biyu a hanya na ɗan lokaci, wani lokacin na minti ɗaya, wani lokacin har sai sabis ya dawo bayan la'asar. Duk rasit ɗin da aka buga a wannan tsakani ba daidai yake ba. Sannan babu maɓallin fasawa. Wanda hannunsa ya zame ya goge lambar wayar shugaba, ba shi da hanyar cewa a mayar da komai yadda yake, sai in ya haddace lambar.

Akwai wata dabara da ake haɗawa da wannan hanya, wato a nuna wa mutum cewa an adana tun kafin uwar garke ta amsa, in ta ƙi sai a janye. React, kayan aikin da yaron ke gina manhajar da shi, a sigarsa ta 19 da ta fito a Disambar 2024 har da useOptimistic ya zo da shi don wannan. Dabara ce mai kyau inda amsa ke dawowa cikin ƙiftawar ido. A wurinmu kuwa, kafin birauza ta haƙura ta ce saƙon bai je ba, akawu ya daɗe da jefa wayar a aljihu ya koma kan ma'auni. Janyewar za ta faru a cikin aljihu, babu shaida.

Daftari da maɓallin Adana

A nan, idan an buɗe shafi, manhaja za ta kwafo saitunan da ke kan uwar garke ta ajiye su gefe a matsayin asali, ta ba mutum daftari ya yi ta gyara. Babu abin da ke fita daga wayar. Duk lokacin da daftari ya bambanta da asali, maɓallin Adana ya farka. In ya danna, a duba guraben gaba ɗaya, a tabbatar rangwame bai fi kuɗin casa ba, lambar waya ta cika lamba goma sha ɗaya, sannan a aika su a dunƙule. Ko su shiga duka, ko kada ko ɗaya ya shiga. In uwar garke ta amsa, abin da ta dawo da shi ne sabon asali, ba abin da wayar ta aika ba, don wataƙila ta gyara wani abu a ciki.

Ita ce na ce masa ya ɗauka ga duk abin da ya shafi kuɗi, amma ban ɓoye masa nata aibin ba, kuma ba kaɗan ba ne.

Mutane suna mantawa. Wannan shi ne na farko kuma ba ya ƙarewa. An gyara farashi, an ga sabuwar lamba a gurbi, zuciya ta kwanta, an fita. Maganinsa a fuska yake: da zarar an taɓa wani gurbi, wani zirin rubutu ya fito a ƙasan allon wayar ya tsaya cak, yana cewa akwai canjin da ba a adana ba, da maɓalli biyu, Adana da Fasa. Kada maɓallin ya zama yana can ƙasan shafi sai an gangara. Littattafai za su ce ka yi amfani da beforeunload ka tsayar da mai shirin fita. A kwamfuta yana aiki. A waya ba abin dogaro ba ne, domin mutum ba rufe shafi yake yi ba, tsallakawa yake yi zuwa wata manhaja, daga baya Android ta kashe birauzar a ɓoye don ta samu wuri. Ƙananan wayoyin itel da Tecno masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, waɗanda su suka fi yawa a hannun ma'aikatan injin, sun fi saurin yin haka.

Don haka daftarin yana buƙatar wurin kwana. localStorage, wato 'yar ma'ajiyar da birauza ke ba shafi a cikin waya, ya isa, tunda yana ɗaukar kimanin megabait biyar, saitunanmu kuwa ba su kai cikin cokali ba. Duk canjin da aka yi a rubuta shi nan, in an dawo a tambayi mutum ko yana son ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai a tuna waya ɗaya a ƙauye ba ta mutum ɗaya ba ce. Wayar injin tana kwana wurin akawu, ta wuni wurin yaron da ke karɓar kaya. A ɗaure daftari da sunan mai shiga, a goge shi in ya fita, kuma kada a kuskura a ajiye kalmar sirri ko lambar sirri a ciki, domin abin da ke localStorage a fili yake.

Aibi na biyu shi ne wanda ya taɓa cin ni da kaina, shi ya sa na daɗe a kansa. Shekarun baya na yi wa wani mai sayar da taki da maganin feshi irin wannan shafi. Na yi amfani da React Query, wanda yanzu ake kira TanStack Query, don sauko da saituna daga uwar garke, sannan na rubuta ɗan useEffect da ke cewa duk lokacin da bayanin uwar garke ya sauya, a zuba shi cikin daftari. A teburina komai lafiya. Bayan mako guda sai ga kira: “Malam, abin nan naka yana goge mini rubutu.” Na yi ta gwadawa ban ga komai ba, har na fara zargin yatsunsa. Sai da na je na tsaya a kansa. Ashe yakan rubuta farashi uku, sai ya leƙa WhatsApp ya duba saƙon da dilansa ya turo daga Kano don ya ga na huɗu, sannan ya dawo. Shi kuwa React Query, yadda aka saita shi tun asali, in mutum ya dawo kan shafi yakan sake tambayar uwar garke ko akwai sabo. Ɗan mai shagon yana gyara wasu farashin daga wata wayar a lokacin, sai sabon bayani ya sauko, useEffect ɗina ya kwashe shi ya zuba kan rubutun bawan Allah. Kayan aikin bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Ni ne na bar takardar ƙofa tana goge allo.

Gyaran iri biyu ne. Ko dai a cika daftari sau ɗaya tak lokacin buɗe shafi, kada a sake taɓa shi sai an adana ko an fasa. Ko kuma, wanda na fi so yanzu, daftarin ya ƙunshi guraben da mutum ya taɓa kawai, sauran a riƙa nuna su kai tsaye daga kwafin uwar garke. Da haka gurbin da bai taɓa ba zai iya sabuntuwa a gabansa, wanda ya taɓa kuwa nasa ne har ya gama.

To a ina daftarin zai zauna cikin manhajar?

Wannan ce rabin tambayarsa ta biyu, kuma a nan ne samari suka fi ɓata lokaci wajen musu. A React za ka iya riƙe kowane gurbi da useState, wanda ya zo tare da Hooks a sigar 16.8 cikin 2019, ta yadda kowane bugu yana sabunta hali, wato bayanin da React ke riƙe da shi, yana sake zana shafin. Za ka iya kuma barin birauza ta riƙe rubutun da kanta, ka karɓe shi lokacin aikawa, wanda shi ne tushen yadda React Hook Form yake aiki, shi ya sa bai cika sake zana shafi ba. Formik ya girme shi, shi kuma a cikin halin React yake riƙe komai. An cika faɗin cewa na biyun ya fi sauri a ƙaramar waya, kuma haka ne in fom ya kai gurabe masu ɗimbin yawa. A gurbi tara ba za ka ji bambanci ba. Abin da zai sa in ɗauki React Hook Form a nan ba gudu ba ne, lissafin da yake yi maka ne na wane gurbi aka taɓa, wane ne ba a taɓa ba, wanda za mu buƙata nan gaba kaɗan. Mai amfani da Vue, takwaran React, yana da v-model mai ɗaure gurbi da bayani, maganar duk ɗaya ce: ya ɗaura shi kan kwafi, kada ya ɗaura shi kan ainihin saitunan da sauran shafuka ke karantawa.

Abin da na hana shi ƙiri-ƙiri shi ne zuba daftarin cikin babban rumbun manhaja, irin Redux. Tun da Dan Abramov da Andrew Clark suka fito da Redux a 2015 aka yi yayin tura komai cikinsa, har da kowane harafin da aka buga a fom. Erik Rasmussen, wanda ya rubuta redux-form don wannan aikin, shi da kansa daga baya ya ja hankalin mutane su daina ajiye halin fom a Redux, ya kuma fito da Final Form da ba ya buƙatarsa. Ni dalilina bai ma kai ga zancen nauyi ba. Abin da ke cikin babban rumbu kowane shafi yana iya ɗiba. Ranar da wani ya haɗa shafin rasit da gurbin da fom ke rubutawa a ciki, rabin lambar da akawu bai gama bugawa ba za ta fito a takardar manomi. Saitunan da aka tabbatar suna iya zama a rumbu kowa ya gani. Daftari kuwa a ɗakinsa zai zauna, in an rufe shafi ya tafi da shi.

Akwai kuma hanyar da yaron bai ma kawo ta a lissafi ba, don a ganinsa ta tsufa: fom ɗin HTML zalla, uwar garke ta cika shi ta turo, mutum ya gyara ya danna, birauza ta aika da POST, uwar garke ta adana ta mayar da shi shafin da amsar 303 don kada sabunta shafi ya sake aikawa. Babu kwafi na biyu a waya balle ya tsufa. Yana aiki tun kafin JavaScript, harshen da ke motsa shafi a birauza, ya gama saukowa, yana kuma aiki a Opera Mini ko an sa shi a matsanancin tsimin data, inda shafin a kwamfutocin Opera ake haɗa shi kuma JavaScript ba ya sakewa. Rauninsa shi ne in sabis ya yanke daidai lokacin aikawa, mutum zai iya faɗawa shafin kuskure na birauza, kuma ba kullum rubutunsa ke dawowa ba in ya koma baya. Da bai riga ya gina sauran manhajar da React ba, da wannan zan ce ya fara da ita, ya ɗora ɗan JavaScript kaɗan na ajiye daftari a kai.

Waya biyu, littafi ɗaya

Ko ka zaɓi wacce, akwai ramin da ke jiran kowa. Shugaba ya buɗe shafin saituna da safe a gida, ya bar shi a buɗe ya tafi gona. Da hantsi akawu ya ƙara kuɗin casa daga wayar injin, ya adana. Da azahar shugaba ya dawo, ya canja lambar wayar da ake tura wa jimilla, ya danna Adana. In fom ɗin yana aika duka gurabe tara, kamar yadda ake yi da PUT, to tsohon kuɗin casa da ke wayar shugaba tun safe zai bi sahu ya danne na akawu. Babu wanda ya yi kuskure, babu saƙon gargaɗi, sai dai da yamma a ga lissafi bai hau ba, a fara kallon juna. A wurin da ake zaman amana, irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhaja ta ɓata, amma akawu za a zarga.

Matakin farko shi ne aika abin da aka taɓa kawai. PATCH, wanda aka shigar cikin ƙa'idojin HTTP a 2010, don haka aka yi shi, kuma a nan ne lissafin guraben da aka taɓa yake biyan kuɗinsa. Wannan ya raba rigimar da ke sama, tunda gurabe daban suka taɓa. In gurbi ɗaya suka taɓa fa? Sai a sa wa saitunan lambar zubi, wato lambar da ke canjawa duk lokacin da aka adana. Uwar garke ta ba da ita tare da bayanin, ko ta hanyar ETag, alamar da HTTP ya tanada don haka, ko wani gurbi da kai ka ƙirƙira, wayar ta dawo da ita lokacin adanawa. In da ETag ne, ana mayar da ita cikin If-Match, kuma in lambar ta riga ta canja uwar garke ta amsa da 412, wato ta ƙi adanawa. Masu amfani da nasu gurbin sukan amsa da 409. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne abin da mutum zai gani. Kada a rubuta masa “an samu kuskure”. A ce masa wani ya canja kuɗin casa zuwa kaza bayan ka buɗe shafin nan, kai kuma ka rubuta kaza, wanne za a bari? In manhajar tana ajiye sunan wanda ya canja da lokacin, a nuna. Na ga wannan layi ɗaya ya kashe gardamar da da sai an kira dattawa.

Ya tambaye ni ko ya sa canjin saituna cikin layin jira, yadda in babu sabis zai zauna a IndexedDB, wata ma'ajiyar birauza, har sabis ya dawo ya tafi da kansa. Ga rasit, eh, da hannu biyu, domin rasit ƙari ne kan ƙari, wanda ya zo a makare bai goge kowa ba. Ga saituna ban yarda ba. Farashin da aka rubuta ran Litinin, wayar ta mutu babu caji, aka kunna ta ran Laraba, sai ya lallaɓa ya hau kan wanda aka yanke ran Talata. Lambar zubi za ta tare shi, amma a lokacin babu kowa a gaban allon da zai amsa tambayar wanne za a bari. Background Sync ɗin da ake dogara da shi wajen aika saƙo in sabis ya dawo ma a Chrome da danginsa yake, Safari da Firefox ba su da shi. Gara a gaya wa mutum gaskiya: ba a adana ba, babu sabis, rubutunka yana nan, sake dannawa in ka samu sanda.

Wasu ƙananan abubuwa na jefa masa yana tattara kaya. Kuɗin kwano ɗaya kada ya zama gurbi, a lissafo shi daga kuɗin buhu da yawan kwano duk lokacin da za a nuna, in ba haka ba wata rana ukun za su saɓa wa juna. Abin da ke cikin gurbi ya zauna a matsayin rubutu har lokacin aikawa, don mutum zai rubuta 2,500 da waƙafi, wani kuma ya bar gurbin wayam na ɗan lokaci, kuma wayam ba sifili ba ne. A rumbun bayanai a ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, tunda JavaScript in ka ce ya haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif yake ba ka ba. Duba ingancin da aka yi a waya a sake yin sa a uwar garke. Sannan kowane rasit ya kwafi farashin ranar ya riƙe a jikinsa, kada ya riƙa leƙo saituna, in ba haka ba ranar da aka ƙara kuɗi duk basukan bara za su kumbura.

Da zai yi wa ofishi mai mutum ɗaya da intanet tsayayye aiki, kuma saitunan ba su wuce zaɓin launi da sanarwa ba, da na ce ya adana nan take ya huta. Nasa ba haka yake ba, sai muka raba shafin biyu. Sama, harshe da girman rubutu da ƙara, makunnai ne masu aiki nan take, kuma a wayar ma suke zama, don shugaba yana son Hausa da manyan baƙaƙe, akawu yana son ƙanana. Ƙasa, cikin akwati daban mai kan rubutu “Kuɗi da lissafi”, gurabe shida da zirin Adana. Raba su a fuska wajibi ne, don in makunni mai aiki nan take yana kusa da gurbi mai jiran maɓalli ba tare da shinge ba, mutum zai ɗauka duk halinsu ɗaya.

Na ce kada ya gwada a ɗaki. Chrome yana da wurin rage gudun intanet da gangan, amma sabis ɗin ƙarya yana da ladabi, a hankali yake tafiya ba ya ɓacewa tsakiyar magana. Na tura shi bayan injin, wajen tarin ɓuntu, inda ni kaina ba na iya kira.

Bayan kwana biyu ya dawo yana dariya. Ya canja la'ada, ya danna Adana, wayar ta yi ta juyi har ta ce bai tafi ba. Ya sake dannawa, sai manhajar ta ce masa wani ya riga shi canja la'ada, wanne za a bari, ta nuna masa lamba biyu iri ɗaya. Ashe saƙon farko ya isa, uwar garke ta adana ta ƙara lambar zubi, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa, sai ya zama yana rigima da kansa. Muka ƙara sharaɗi guda: in aka samu 412, a sauko da sabon bayani tukuna, in abin da ke can daidai yake da abin da ke daftari, a ce masa an adana kawai. Layi biyar ne. Ya rubuta su a tsaye, ya karɓi wayar yaron shagon don ya zama akawu, ya sake nufar bayan injin da waya biyu a hannu.